Gobara ta cinye kasuwarmu, an ce aikin jiha ne: ina hannun ƙaramar hukuma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni kansila ne, kuma wannan ne zangona na farko. A hunturun da ya wuce gobara ta cinye layi biyu a kasuwar garinmu, kafin motar kwana-kwana ta iso daga babban birnin jiha komai ya zama toka. Ba a yi sati biyu ba wata tsohuwa ta ƙone a ɗakinta a mazaɓata. Da na tayar da maganar a zaman majalisa sai aka ce mini gobara aikin gwamnatin jiha ne, mu namu jaje. Haka abin yake? In ba haka ba ne, me kansila zai iya sa wa ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, Honorabul. Allah ya mayar wa 'yan kasuwa da alheri, ita kuma baiwar Allah ya jiƙanta, ya sa ƙunar ta zama kaffara.

Wanda ya ba ka waccan amsa ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa, ya ajiye ɗaya rabin a aljihu. Na fara aikin ƙaramar hukuma a matsayin duba-gari, na yi ritaya ina shugaban sashe, kuma wannan magana ta "aikin jiha ne" na ji ta har na gaji.

Rabin da ya faɗa shi ne: kashe gobara ba ya cikin ayyukan da tsarin mulkin 1999 ya lissafa wa ƙaramar hukuma. Motar kwana-kwana da ma'aikatanta na hukumar kashe gobara ta jiha ne, sai kuma ta tarayya, wadda aka kafa da dokar 1963, take ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Ciyaman ba shi da ikon ba ɗan kwana-kwana umarni. Wannan haka yake.

Rabin da ya ɓoye kuwa yana cikin Jadawali na Huɗu na wannan tsarin mulkin, kuma ina ba ka shawara ka sa a buga maka shafin ka riƙa yawo da shi, bai fi shafi biyu ba. A can aka ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da kula da su, da tsara yadda za su gudana. A can aka ba ta hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da fitilun titi, da sa wa tituna suna da gidaje lamba, da kwashe shara. A can aka ce ita ke sa ido a kan shaguna da kes-kes da gidajen abinci da gidajen burodi. Kuma a sakin layin da ya ambaci maƙabartu, nan ya ambaci gidajen gajiyayyu da marasa galihu. Sannan aka ce tana da hannu a makarantun firamare da harkar lafiya.

To, Honorabul, sake karanta jerin nan a hankali. Ina gobara take tashi in ba a kasuwa da tasha da gidan burodi da juji ba? Me ke hana mota isa wurin wuta in ba toshewar hanya ba? Wa ke mutuwa a cikinta in ba gajiyayye da yaro ba? Ba a rubuta kalmar gobara a jadawalin ba, amma duk inda take kwana an damƙa muku makullinsa. Kuma ku ke karɓar kuɗin rumfa, ku ke yanka rasit duk ranar kasuwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai togiya guda. Wasu manyan kasuwannin birane gwamnatocin jihohi sun karɓe su. A Kano, kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari suna cikin ƙaramar hukumar Fagge, amma jiha ce ke naɗa shugabannin da ke gudanar da su. Gobarar da ta tashi a Sabon Gari a watan Maris na 2016, wadda ta cinye shaguna sama da 3,000, ba ciyaman za a fara tuhuma a kanta ba. Saboda haka ka fara tabbatar da wanda ke karɓar kuɗin shiga a taku kasuwar. In ma'ajin ƙaramar hukumarku ne, maganar ta ƙare, taku ce.

Bari mu shiga kasuwar, don a nan aikin yake.

Kowace kasuwar da hukuma ta gina tana da taswira tun ranar da aka zana ta. Nemi wannan taswira a sashen ayyuka. Sannan nemi rajistar rumfuna a ofishin tara kuɗin shiga. Sannan ka ɗauki yini guda ka ƙirga rumfunan da ke ƙasa da ƙafarka. Lissafi uku za ka samu, kuma ba za su yi daidai ba. Bambancin da ke tsakanin taswira da abin da ka gani, shi ne hanyoyin da aka sayar.

Na taɓa yin wannan ƙirga a wata kasuwa da ba zan ambata ba. A taswira akwai hanya da ta ratsa tsakiya daga ƙofar gabas zuwa ta yamma, mai faɗin da babbar mota za ta wuce ta bar wa mai tafiya a ƙasa wuri. Da muka je, sai muka tarar mai kura ma sai ya karkata yake wucewa. Ba rana ɗaya aka cinye hanyar ba. Mai shago ya fito da tebur. Bayan shekara ya sa wa teburin rumfar buhu don rana. Aka zo aka mayar da buhun kwano. Sai ya ba ƙaninsa wurin, ƙanin ya sa katako ya kewaye. Ranar da ma'aikacinmu ya yanka wa ƙanin nan rasit na farko, ranar hanya ta mutu, domin yanzu yana da takardar hukuma a hannu. Da na ce wa wani dattijo mai sayar da robobi ya shiga hanya, bai yi musu ba. Ya buɗe wata tsohuwar gwangwanin madara ya zaro rasit na shekaru, duk da hatiminmu, ya ce, "Malam, in hanya ce, kuɗin me kuke karɓa?" Ban sami amsa ba.

Faɗin motar kwana-kwana ya kai kusan mita biyu da rabi. In hanya ba ta kai mita huɗu ba, kuma babu rumfar da ta sauko ta tare sama, kada ka sa rai za ta shiga. Mutane na yawan zagin 'yan kwana-kwana, wani lokaci har da jifa, wai sun zo a makare ko sun zo ba ruwa. Abin da ba a sani ba, tankin motar 'yan dubban lita yake ɗauka, in aka buɗe mesa sosai cikin 'yan mintuna ya ƙare. In babu inda za ta sake sha a kusa, sai ta juya, kafin ta dawo wuta ta tsallaka layi na gaba. Don haka rijiyar burtsatse da babban tanki a bakin kasuwa, mai bakin da ya dace da mesar motar, ya fi muku amfani nesa ba kusa ba a kan roƙon gwamna ya saya muku mota. Na ga ƙaramar hukumar da aka kawo wa mota aka yi biki, bayan shekara biyu tayoyi suka sace, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, don ba a yi kasafin mai ba balle na direba. Kafin ku gina tankin ku kira shugaban ofishin kashe gobara mafi kusa da ku ya nuna inda za a sa shi. Ba sa ƙin zuwa in an gayyace su da takarda.

Sai wutar lantarki. Yawancin gobarar kasuwa da na gani da dare ta tashi, bayan an kulle. An ɗauke wuta da rana, mai shago ya manta bai kashe komai ba ya tafi gida, tsakar dare 'yan NEPA, kamar yadda muke ce musu har yau, suka maido da ita da ƙarfi, siririyar waya da aka ja daga shagon maƙwabci ta yi zafi ta narke a kan dilar atamfa. Yanzu kuma an ƙaro batiran sola da inbata, waɗanda ba sa barci ko an ɗauke wuta, kuma sau da yawa wanda ya haɗa su bai koyi aikin ba. Ba ku da iko a kan kamfanin rarraba wuta. Amma kuna da iko a kan sharaɗin zama a rumfarku. Dokar kasuwa za ta iya cewa kowane layi ya kasance da makashin wuta guda a waje, mai gadi ya kashe shi da an yi magariba, kuma ba a sabunta wa kowa takardar rumfa sai ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayarsa. Haka za ta iya raba masu tuya da masu shayi daga layin katifa da yadi, ta fitar da masu ɗura gas da 'yan bumburutu daga cikin kasuwa gaba ɗaya. Lasisin sayar da fetur da gas na hukumar tarayya ne, amma wurin da mutum zai kafa tebur a kasuwarku naku ne.

Maganar fetur ta tuna mini da Majiya, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, inda tankar mai ta faɗi a watan Oktoba na 2024, jama'a suka taru ɗiban mai, ta fashe, aka rasa mutum sama da 150. Babbar hanya ba ta ƙaramar hukuma ba ce, tanka ma haka. Amma wanda zai tsaya ya kori mutane a mintunan farko ɗan gari ne: mai unguwa, ɗan sintiri, limami, kansila. In babbar hanya ta ratsa mazaɓarka, wannan magana ce da za a riƙa yi a masallaci da majalisar dagaci tun kafin ranar.

Yanzu ga tsohuwar nan, wadda a ganina tata ta fi ta kasuwa nauyi, ko da yake ba ta yi ƙarar da ta kasuwa ta yi ba.

Ban san ta ba, amma na san irin ɗakinta, na shiga irinsa ba adadi. Tsohuwa ita kaɗai, ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi. Sanyin hunturu ya sauko, jikarta ko 'yar maƙwabta ta kawo mata kaskon garwashi bayan isha'i, ta tura shi kusa da gado, ta ja ƙofa ta tafi. A ɗakin akwai katifar soso, akwai tsummokara a rataye, akwai gidan sauro da ya sauko har ƙasa, akwai kwalbar kananzir a lungu. Gefen zane ya taɓa garwashi. Mai ƙarfi zai farka ya taka wutar da ƙafa ya koma barci. Ita kafin ta lalubo sandarta hayaƙi ya cika ɗakin. Wani lokaci ma ba a ganin harshen wuta ko kaɗan: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, irin wadda janareto ke fitarwa, mutum ya wuce a cikin barci, da safe a ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, haka ne, amma taga a rufe take.

Wannan ba aikin motar kwana-kwana ba ne ko da a ƙofar gidan take fake. Aikin sanin mutane ne, kuma a nan kula da gajiyayyu da rigakafin gobara suka zama abu ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma tana da sashen jin daɗin jama'a, sunansa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A wurare da yawa an mayar da shi ofishin sasanta ma'aurata da rabon shinkafar azumi. Tambayi shugaban sashen ya kawo maka sunayen tsofaffi masu kwana su kaɗai a mazaɓarka, da makafi da guragu da masu farfaɗiya da masu taɓin hankali. Da wuya ka samu. Amma masu unguwanni sun san su ɗaya bayan ɗaya, haka ma matan da ke bi gida-gida lokacin rigakafin shan inna, haka kwamitin raya mazaɓa da ke aiki da asibitin sha-ka-tafi. Haɗa sunayen nan aikin sati biyu ne. In an haɗa, sai a sa duba-gari da ma'aikaciyar lafiya su kai ziyara sau ɗaya kafin sanyi ya kankama, wajen watan Nuwamba: a duba ina ake ajiye kasko, a tabbatar ƙofa na buɗewa daga ciki, a san wane maƙwabci ne zai leƙa kafin ya kwanta. Bargo mai kauri guda ɗaya yakan raba tsohuwa da garwashi, kuma kuɗinsa bai kai na buhunan jaje ba.

Na ambaci farfaɗiya da gangan. Duk wanda ya yi aiki kusa da asibitin karkara ya ga mace mai wannan lalura da ta faɗa murhu. Maganin da ke hana faɗuwar yana cikin magunguna masu araha, kuma tabbatar da cewa bai yanke a asibitin mazaɓa ba shi ma rigakafin ƙuna ne. Ka kuma tambayi malaman asibitin me suke koya wa mutane game da ƙuna. Abin da ya dace shi ne a yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kimanin minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Ba manja, ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba toka.

Inda aka tara mutane suna kwana ya fi ko'ina haɗari. A watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, almajirai 17 suka rasu. A ƙetaren iyaka, a Maraɗi, a watan Nuwamba na 2021, azuzuwan zana ne suka kama da wuta, yara sama da 20 suka mutu. Je ka ga tsangayun mazaɓarka bayan an kwanta, ba da rana ba. Ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, tagogi da ƙarfen ɓarayi, yara sun yi sahu har bakin ƙofa, a waje ga tulin kara da aka tara don wutar karatu. Wani malamin yakan sa kwaɗo ta waje don kada yara su fita yawon dare, da kyakkyawar niyya. Kada ka je da 'yan sanda, kada ka je da takardar gargaɗi. Je da dagaci, ka gaida malam ka zauna a ƙasa, ka ce ƙaramar hukuma na son ta fasa masa ƙofa ta biyu da kuɗinta, a matsar da karan nesa da ɗakin kwana. Ban taɓa ganin malamin da ya ƙi wannan ba. Haka za ka duba gidan marayu da ɗakin haihuwa na asibiti da makarantar kwana in akwai, da duk gidan da ake tsare masu taɓin hankali ko kangararru, domin wanda ke cikin mari ba ya gudu.

To, ta yaya kansila zai sa a yi waɗannan, tunda ba shi ke riƙe da asusu ba? Majalisar kansiloli na da makamai uku, kuma yawanci biyu sun yi tsatsa. Ita ke yin dokokin ƙaramar hukuma. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi. Kuma tana da ikon kiran kansila mai gafaka ko shugaban sashe ya zo ya yi bayani. Cikakken bayanin iyakar wannan iko yana cikin dokar ƙananan hukumomi ta jiharku, ka karɓi kofi a wurin magatakardan majalisa.

Kada ka kawo magana da baki, da baki za a kashe ta. Rubuta ƙuduri, nemi abokin aiki ya mara maka baya, ka tabbatar ya shiga littafin zama. Kuma ka yi tambayar da ba a amsa ta da "muna kan ƙoƙari". Nawa aka tara a kasuwar nan bara, nawa aka kashe a kanta? Rumfa nawa ke taswira, nawa ke rajista? Tukunyar kashe wuta nawa aka saya, suna ina? In an ce suna nan, je ka duba allurar da ke wuyan kowace, in ta bar kan kore ba abin dogaro ba ce, ka duba kwanan watan da aka yi mata ɗuri na ƙarshe. Na sha tarar da su jere a ofishin sakatare suna sheƙi, kasuwa kuwa ko bokitin yashi babu. Tambayi kuma yaushe kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma ya yi zamansa na ƙarshe. Tsarin NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa wadda aka kafa a 1999, ya tanadi takwararta SEMA a jiha da irin wannan kwamiti a kowace ƙaramar hukuma. A wurare da yawa ba ya farkawa sai ranar rabon kwanon rufi da tabarmi.

Za a ce maka babu kuɗi, kuma ba duka ƙarya ba ne. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, abin da ke isowa bayan albashi ba ya taka kara ya karya. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan su kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo, sai dai aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Amma dubi abubuwan da na lissafa maka. Buɗe hanya, makashin wuta a bakin layi, rajistar tsofaffi, ƙofa ta biyu a tsangaya, kwashe jujin da ke jingine da katangar kasuwa kafin wani ya cinna masa wuta. Tankin ruwa ne kawai mai tsada a ciki, shi ma kuɗin rumfa na iya ɗaukarsa in an daina zubar da shi a hanya.

Abin da zai yi maka wuya ba kuɗi ba ne, rumfunan kan hanya ne. Masu su suna da rasit, suna da ƙuri'a, wasunsu 'yan jam'iyyarku ne, kuma wani daga cikin waɗanda ke zaune tare da kai a majalisa yana iya kasancewa shi ya raba wuraren. In ka tura a rushe da asuba, ka yi zalunci, tunda hukuma ce ta zaunar da su, kuma ka gama siyasarka. Fara da sarkin kasuwa da shugabannin layuka, a ware wa mutanen nan wani wuri tukuna, a ba su wa'adi a rubuce. Kuma yanzu ne lokacin, tunda layi biyun da suka ƙone ba a gama sake gina su ba. Ka sa injiniyan sashen ayyuka ya je da igiyar awo ya kafa turaku bisa tsohuwar taswira kafin kowa ya aza bulo, domin a kasuwar da na ba ka labari mun yi jinkirin sati uku muna jiran sa hannun ciyaman, muka je muka tarar har an yi rufi.